Hoton Kurkusa da Kyamara Mai Auna Nisa: Abin da Za a Saya da Abin da Za a Bari

A gidaje da dama akwai tsohuwar kyamara kwance a ƙasan akwati: Yashica Electro 35, ko Canonet, ko Zorki da FED na tsohuwar Tarayyar Sobiyet, ko Leica ta Jamus ga wanda ya yi sa'ar gado. Duk dangi ɗaya ne, masu auna nisa. In ka leƙa tagarta za ka ga ɗan fili mai haske a tsakiya, inda abin da kake kallo ya rabu biyu. Ka murza lensi har biyun su haɗe, shi ke nan hoto ya saitu. Wajen ɗaukar mutane a biki ko a bakin titi, da wuya a samu wadda ta fi ta sauƙin hannu. Sai ranar da uwargida ta ce a ɗauko mata zanen da ke kan zoben kakarta, ko maigida ya so adana wata tsohuwar wasiƙar ajami kafin gara ta cinye ta, sannan ake gane iyakarta. Ga shawarwari ga mai son tsallake wannan iyaka ba tare da ya zubar da kuɗinsa a banza ba.

1. Ka san inda kyamararka take makancewa

Kyamara mai auna nisa ba ta lensi take nuna maka duniya ba. Ido yana leƙawa ta wata taga daban da ke sama, gefe guda, shi kuma lensi yana kallon nasa. Daga nesa bambancin ba ya damun kowa. Amma miƙa yatsanka kusa da hancinka, ka rufe ido ɗaya, sannan ka buɗe shi ka rufe ɗayan, za ka ga yatsan yana tsalle. Haka abin yake tsakanin taga da lensi idan an matso: ka saita fure a tsakiya, hoto ya fito an yanke masa rabi.

Matsala ta biyu ita ce ma'aunin kansa yana da inda yake tsayawa. A Leica M3, wadda ta fito a 1954, mita ɗaya ne. A M2 da waɗanda suka biyo bayanta har zuwa yau, santimita 70 ne. Yashica Electro 35 da Canonet QL17 suna tsayawa a santimita 80, lensunan Zorki da FED kuwa a mita ɗaya. Ƙasa da haka babu mai gaya maka ko hoto ya saitu. Saboda haka duk abin da za ka saya, tambaya ɗaya za ka yi masa: yaya zai nuna mini abin da lensi ke gani, ko kuwa yaya zai ba ni damar aunawa da hannu?

2. Ɗauki rula ka auna abin da za ka ɗauka

Wannan ita ce shawarar da aka fi tsallakewa, ita ce kuma ke raba mutum da asara. Filin hoto guda a fim ɗin 35, da kuma sensar manyan Leica na dijital, milimita 36 ne a tsawo, 24 a faɗi, bai wuce babban kan sarki ba. Idan aka ce ɗaya bisa ɗaya, ana nufin abin da ke da tsawon milimita 36 zai cika hoton bakin-da-baki. Ɗaya bisa biyu, abin santimita 7 ne zai cika shi. Ɗaya bisa biyar, santimita 18.

Lensin milimita 50 a nisan santimita 70, ba tare da ƙarin komai ba, yana ɗaukar filin da ya kai wajen santimita 42 da 28, kusan takardar A3 ke nan. To ka ga mai son ɗaukar aikin wuyan babbar riga, ko faifai, ko allon karatu, ba ya bukatar sayen komai. Hula, wasiƙa da tsohon hoton aure suna neman ɗaya bisa biyar. Zobe, ɗan kunne, anini da kwabo suna neman ɗaya bisa biyu ko ɗaya bisa ɗaya. Idon ƙuda kuwa, wannan wani aiki ne daban, za mu zo kansa. Rubuta awon a takarda, ka riƙe ta ranar ciniki, don kada mai kaya ya sayar maka da abin da ya fi ƙarfin bukatarka.

3. Ta fim ce ko ta dijital mai nuna hoto kai tsaye?

Daga Leica M Typ 240, wadda aka sanar a 2012, zuwa M10 da M11, allon baya yana iya nuna abin da lensi ke gani kafin a danna. Mai irin wannan ya huta da rabin wahalar da ke cikin wannan rubutu, ya wuce lamba ta 5 da ta 8 kai tsaye. Sai dai a kula: M8 ta 2006 da M9 ta 2009 dijital ne, amma ba su da wannan baiwa. Ribarsu kawai ita ce za ka ɗauka, ka duba, ka gyara, ka sake, ba tare da ƙona fim ba.

4. Gilashin kusantarwa, da firam ɗin waya

Ga kyamarar da ba a cire mata lensi, irin Yashica da Canonet, hanya ɗaya ce: gilashin da ake murzawa a gaban lensi, mai lamba +1, +2, +4 har +10. Kafin ka saya ka duba faɗin bakin lensinka. Na Electro 35 milimita 55 ne, na Canonet QL17 GIII kuma 48.

Lissafinsa ba shi da wuya. Ka mayar da lensin kyamara kan alamar ∞, sannan ka raba 100 da lambar gilashin, abin da ya fito shi ne nisan da hoto zai saitu, a santimita, daga gilashin zuwa abin. Da +2 santimita 50 ne, da +4 kuma 25, da +10 santimita 10. A kan lensin milimita 50, +2 yana ba da ɗaya bisa goma, +4 ɗaya bisa biyar. Wani alherinsa shi ne ba ya cin haske, yadda ka auna haka za ka ɗauka.

Nisa ya samu, saura sanin iyakar hoton, tunda taga ba abin dogaro ba ce. A nan ne tsohuwar dabarar masu hoto take aiki. Lokacin da babu fim a ciki, ka buɗe bayan kyamara, ka ɗora ta a kan abu mai ƙarfi, ka shimfiɗa takarda mai shara-shara daidai inda fim yake kwanciya, ka manne ta da salatif ta miƙe sosai. Ka sa shota a kan B, ka riƙe ta a buɗe, ka buɗe lensi iyakar buɗewarsa. A ɗaki mai duhu, ka haska shafin jarida a gaban kyamarar, za ka ga rubutun ya bayyana a kan takardar, kai ƙasa. Ka matsa da jaridar gaba da baya har ya fito tar, ka zana iyakokin abin da ya shiga. Da wannan awon sai ka lanƙwasa waya mai kauri ta zama firam mai kusurwa huɗu, ɗan fi filin hoton girma kaɗan don kada ta shiga, da ƙafafu biyu da za a ɗaure a gindin kyamara. Kowane mai walda zai haɗa maka cikin ɗan lokaci. Daga ranar, duk abin da ka sa a cikin firam ɗin ya saitu, ba sai ka leƙa ba. Tsofaffin Leica masu lensin murɗawa da FED na farko ta ƙasa ake sa musu fim, bayansu ba ya buɗewa, don haka su sai dai lissafi da gwaji.

Araha ba ta ado: gilasan da ake sayarwa huɗu a jaka ɗaya falle guda ne kowannensu, suna ɓata gefen hoto da wani launi-launi, musamman +10. In za ka iya, nemi mai falle biyu a manne, irin Elpro na Leica ko 250D da 500D na Canon. In ba hali, ka tsaya a +2 da +4, ka rufe lensi zuwa f/8 ko f/11, hoton zai yi kyau daidai gwargwado. Yashica da Canon sun taɓa yin wani abu mai suna Auto-Up, gilashin kusantarwa haɗe da wani da ke rufe tagogin sama yana gyara musu kallo. In ka ci karo da wanda ya dace da kyamararka, kada ka bar shi.

5. Zoben tazara

Ga kyamarar da ake cire mata lensi, akwai zoben da ake sawa tsakanin jiki da lensi. Babu gilashi a cikinsa, aikinsa kawai ya nisanta lensi daga fim. Ka raba kaurin zoben da tsawon lensi: zoben milimita 10, irin tsohon OUFRO na Leica, a kan lensin 50 ɗaya bisa biyar ne, milimita 25 ɗaya bisa biyu, milimita 50 ɗaya bisa ɗaya.

Abu biyu za ka riƙe. Da zarar zobe ya hau, ma'aunin nisa ya daina aiki, kuma ba za ka iya ɗaukar abu mai nisa ba sai ka cire. Sannan yana cin haske: a ɗaya bisa biyu sai ka ƙara mataki ɗaya da ɗan ɗoriya, a ɗaya bisa ɗaya matakai biyu cur. Kyamarar da ke auna haske ta cikin lensi, irin M6, awonta zai lissafa wannan da kansa. Mai M3 ko Zorki shi zai yi lissafinsa, in ya manta fim ya fito da duhu. A ganina zobe kayan mai allon kai tsaye ne. A kan fim, sai ga mai haƙuri.

6. Lensuna masu tabarau

Leica ta daɗe da sanin wannan rauni, ta kuma nemi maganinsa. A 1956 ta fito da Summicron na milimita 50 mai zango biyu. Haka kawai yana aiki daga mita ɗaya zuwa nesa, amma idan aka zura masa wani ɗan tabarau da ke zama gaban tagogin kyamara, sai ya sauko har wajen santimita 48, kuma ma'aunin nisa na ci gaba da aiki. A 2003 ta fito da Macro-Elmar-M na milimita 90, wanda da tabaransa yake saukowa rabin mita, ya ba da ɗaya bisa uku. Sabon tsarinsa na 2014 ya jefar da tabarau, ya zo da zoben da ake miƙawa, yana kaiwa ɗaya bisa biyu, amma sai da allon kai tsaye.

Ga mai fim da ke son ya riƙe kyamara a hannu yana ɗaukar furanni da kayan ado, Macro-Elmar mai tabarau shi ne hanya mafi tsabta. Tsadarsa ce matsala. Idan na hannu za ka saya, ka tabbata tabaran yana tare da shi, don neman shi shi kaɗai wahala ce. Shi kuma Summicron mai zango biyu ba ya zama lafiya a kan yawancin Leica na dijital, saboda ƙirar bayansa, kada ka biya sai ka ɗaura ka murza shi daga farko har ƙarshe.

7. Visoflex, zugazugi da BEOON

Visoflex akwatin madubi ne da ake ɗaurawa tsakanin jiki da lensi, ya mayar da Leica kamar kyamara mai madubi, kana ganin ainihin abin da lensi ke gani. Samfurinsa na uku, wanda ya fi sauƙin aiki, ya fito a 1963, aka daina yin su a 1984. Da shi da zugazugi mai miƙewa da lensin Elmar na milimita 65, za ka wuce ɗaya bisa ɗaya. Kaya ne mai kyau, amma nauyi gare shi, kuma yana da tarin zobba da adaftoci, kowanne da lambarsa, har mutum ya sayi uku ya tarar na huɗu ne ke haɗa su. Idan ba cikakken saiti aka kawo maka ba, a haɗe, yana aiki a gabanka, ka haƙura. (Abin leƙen lantarki da ake sa wa Leica na yanzu shi ma Visoflex ake kiran sa, kada suna ya ruɗe ka a wurin saye.)

Wanda aikinsa kwafar ƙananan takardu ne da ƙananan tsofaffin hotuna da nagetif, BEOON ya fi masa. Ɗan ƙaramin dandamali ne mai sanda ɗaya, kyamara na kallon ƙasa, da zobba da firam-firam da ke ba da ɗaya bisa ɗaya, bisa ɗaya da rabi, bisa biyu da bisa uku da lensin 50. Ana saitawa da gilashin dubawa, sannan a cire shi a sa kyamara a gurbinsa.

8. Aro lensi daga wani gida

Tazarar da ke tsakanin bakin Leica M da sensa milimita 27.8 ce kawai, ta Nikon F kuwa 46.5. Wannan gibin shi ya sa adafta mai sauƙin kuɗi take iya ɗora lensin kyamara mai madubi a kan M. Tsohon Micro-Nikkor na milimita 55 yana ba da ɗaya bisa biyu shi kaɗai, da zobensa kuma ɗaya bisa ɗaya, ga kaifi, ga shi ana samun sa a kasuwar kayan hannu da kuɗin da bai kai kusa da na Macro-Elmar ba. Haka Macro-Elmarit-R na milimita 60. Ga mai allon kai tsaye, ban san hanyar da ta fi wannan riba ba. Ga mai fim ba ta da amfani, don ma'aunin nisa bai san da zaman lensin ba.

In da zaɓi, lensi mai tsawon 90 ko 100 ya fi, saboda yana barin fili tsakaninka da abin, inuwarka ba ta faɗa masa.

9. Kuɗin da ya rage ka sa shi a ƙafa uku

A ɗaya bisa ɗaya, da f/8, kaurin abin da zai fito tar bai cika milimita ɗaya ba. A ɗaya bisa biyu kusan milimita uku ne. A ɗaya bisa biyar, da f/11, wajen santimita biyu. Numfashinka kaɗai ya isa ya ɓata hoton. Don haka maɗorin kyamara mai ƙafa uku ba ƙawa ba ne, kuma mai nauyi ya fi mai kyan gani. A haɗa da igiyar danna shota, ko a yi amfani da agogon jinkiri na jikin kyamara. In an samu ɗan layin dogo da ke matsar da kyamara gaba da baya da murɗi, ya fi murza lensi sauƙi, don a kurkusa matsar da kyamarar ake yi.

Ramin ɗaura ƙafa uku a Leica M na fim a can gefe yake, ba a tsakiya ba, saboda haka nauyi yakan rinjaya, sai a ɗaure da kyau. A nan dai kyamara mai auna nisa tana da abin alfahari guda: babu madubin da zai buga ya girgiza ta. Kuma kada neman kauri ya sa ka rufe lensi har ƙarshe. A ɗaya bisa ɗaya, f/16 daidai yake da f/32 a aikace, hoton gaba ɗaya sai ya yi laushi.

10. Haske

Filashar da ke saman kyamara ba ta da amfani a kurkusa, ko ta wuce ta saman abin ko ta ƙona shi fari fat. Hasken taga da safe ko inuwar zaure sun fi, da farin kwali a ɗaya gefen yana mayar da haske. Zinariya da azurfa suna ƙyalli, sai a kewaye su da farin yadi marar kauri, hasken ya ratso ta cikinsa. Takarda da tsohon hoto kuwa fitila biyu iri ɗaya ake sa musu, dama da hagu, kowace a karkace rabi, don kada ƙyalli ya dawo cikin lensi.

Gargaɗi ga masu Leica na fim da Zorki da FED: labulen shotarsu na yadi ne. In aka bar lensi yana kallon rana ba murfi, zai iya huda shi.

11. Kayan hannu da ajiyarsu

Kusan duk abin da aka ambata nan na hannu za ka samu. Ka haska tocilan ta bayan lensi ka duba: ƙura kaɗan ba komai, amma zare-zaren fumfuna ko hazo a ciki dalilin fasa ciniki ne. Zugazugi kuma a miƙe shi a ɗaki mai duhu, a sa fitila a ciki, duk inda haske ya tsirto akwai huda.

A gida, hunturu da damina kowanne da sharrinsa. Ƙurar hunturu tana shiga duk lokacin da aka cire lensi don sa zobe, kuma idan an rufe lensi sosai kowane ɗigon da ke kan sensa sai ya fito a hoto. A canza a cikin ɗaki, bakin kyamara na kallon ƙasa, a hure da abin hura iska na roba kafin a goge, don goge ƙura a bushe karce gilashi yake yi. Da damina a fitar da kayan daga jakar fata, a sa su a roba mai murfi tare da ƙunshin silika, irin waɗanda ake samu a kwalin sabon takalmi.

12. Ka san lokacin da za ka haƙura da ita

Duk abin da ke zaune wuri ɗaya, zobe ne, tsabar tsohon kuɗi, saƙa, takarda ko hoton iyaye, kyamara mai auna nisa za ta ɗauke shi da kyau in an ba ta lokaci. Abin da ke motsi, kamar ƙudan zuma a kan fure ko tururuwa a bakin rami, ba aikinta ba ne, kafin ka auna ya tafi. Mai wannan buri ya sayi kyamara mai madubi ta hannu, ko ta dijital marar madubi, da lensin kurkusa guda ɗaya, sau da yawa kuɗinsu duka bai kai na Macro-Elmar shi kaɗai ba. Mai Yashica ko Canonet ya fara da gilashin +2 da +4, da firam ɗin waya, da ƙafa uku. Mai Leica ta dijital mai allon kai tsaye ya nemi adafta da tsohon Micro-Nikkor. Sauran kayan a bar su sai an ɗauki hotuna da waɗannan, an ga abin da ya gaza.